Daga Ƙwaryar Amada Zuwa Allon Fim: Rahama Sadau da Magabatanta

Gabatarwa

Tarihin mata a fagen waƙa da wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa tarihi ne mai tsawo, amma kaɗan daga cikinsa ne ya samu shiga takarda. Marubutanmu sun fi mayar da hankali ga makaɗan fada da mawaƙa maza, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, su kuwa mata sai dai a ambace su a gefe a wuce. Wannan maƙala za ta bi diddigin rayuwa da sana'ar Rahama Sadau, yarinyar da ta shiga harkar fim tun ba ta wuce shekara 20 ba, ta yi suna cikin ɗan lokaci, aka kore ta daga sana'ar, ta kuma dawo. Sai dai labarinta ba zai fito sosai ba in ba a waiwayi waɗanda suka riga ta ba, musamman Hajiya Barmani Coge, wadda ta tashi a nan kudancin Katsina, yankin da ya haɗa Funtuwa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara.

Makarantar Farko: Dandali

Kafin zuwan rediyo da talabijin, dandali shi ne makarantar da 'ya mace ke koyon waƙa da kwaikwayo. Idan farin wata ya fito, 'yan mata kan taru su yi gaɗa, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi da tafi, ana faɗawa ana cafewa. A nan ake gane mai zaƙin murya da mai saurin ƙirƙirar baiti. Idan kuma azumi ya kai kwana 10 sai a fara tashe, inda 'yan mata kan shiga gida-gida suna kwaikwayon zaman aure, wata ta sa riga da hula ta zama miji, wata ta zama amarya ko uwar miji, ana dariya ana kuma ɗaukar darasi.

Wannan fage yana da iyakarsa wadda kowa ya sani. Wasa ne na yarinta, ana yin sa a gaban iyaye da mutanen unguwa, kuma ranar da aka kai yarinya ɗakin miji ta yi ban kwana da shi ke nan. Daga nan fasaharta sai ta koma cikin gida, ga waƙar daka da ta niƙa da ta raino, da kuma taron biki da suna.

Barmani Coge da Kiɗan Amada

Daga cikin gida ne kiɗan amada ya fito. Kiɗa ne na mata zalla, wanda ake yi da ƙore, a kifa wata a kan ruwa cikin babban masaki, a jera wasu a ƙasa, ana bugawa da 'yan sanduna. Uwaliya Mai Amada ta Kano tana cikin waɗanda suka fara fito da shi fili, amma babu wadda ta kai shi inda Barmani ta kai shi.

Sunanta na yanka Sa'adatu, an kuma haife ta a garin Gwaigwayi na ƙasar Funtuwa a cikin shekarun 1940. Barmani kuwa yana cikin sunayen da Hausawa kan laƙaba wa yarinyar da ta zo bayan an sha rasa 'ya'ya. An yi mata aure da wuri kamar sauran tsararrakinta, kuma ba ta gamu da cikas daga cikin gida ba lokacin da ta ɗauki waƙa sana'a a farkon shekarun 1970. Funtuwa a wannan zamani gari ne na auduga da jirgin ƙasa da 'yan kasuwa, mai tara baƙi daga ko'ina, kuma nan ne mazaunin Alhaji Mamman Shata. Gari irin wannan ba ya rasa biki, mawaƙi kuma ba ya rasa masu yi masa kari.

Waƙoƙin Barmani sun shafi abin da ke damun mace a ɗakinta: kishi, haihuwa, zaman haƙuri da miji, da wautar macen da ta zauna ba ta da abin yi. Waƙarta ta kira ga mata su kama sana'a ta zama kamar take a tarukan mata. Tana kuma da waƙoƙin da ke ambaton jikin mace da sha'anin aure ba tare da sakaya zance ba, irin waɗanda namiji mai kunya kan bar wurin idan an fara su. Duk da haka ta shekara kusan 40 tana sana'arta, kaset-kaset ɗinta suna yawo a kasuwanni, matan sarakuna da na manyan ma'aikata suna gayyatar ta, babu wata hukuma da ta tsayar da ita. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi nazarin waƙoƙinta. Ta rasu a Funtuwa a watan Maris na 2013, Allah Ya jiƙanta. A cikin wannan shekara ce kuma Rahama Sadau ta fara fitowa a fim.

Zuwan Fim ɗin Bidiyo

Tsakanin tashin Barmani da na Rahama an samu babban sauyi. A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Da yake mutanen Arewa sun daɗe suna kallon fina-finan Indiya a gidajen silima, sai masu shirya fim suka ɗauko salon soyayya da rawa da waƙa daga can. Fim ɗin Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. A 1999 aka fara kiran masana'antar da suna Kannywood, a wannan shekara kuma Malam Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ya kafa mujallar Fim, wadda ta zama babban rumbun tarihin wannan sana'a.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake yin waƙar fim, domin mutane da yawa suna zaton 'yar wasan da suke gani ita ce mai muryar. Ana fara ɗaukar waƙar ne a sutudiyo da kiɗan fiyano, sannan 'yar wasa ta hau kanta tana motsa baki tana rawa a gaban kyamara. Ta haka aikin da Barmani ke yi ita kaɗai ya rabu gida biyu, wata da murya wata da fuska. Cikin masu muryar akwai Maryam A. Baba da Binta Labaran, wadda aka fi sani da Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, garin da zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa bayan jihadi. Fati ta zo Kano ta yi suna da waƙa, ta kuma taɓa fitowa a fim. Abin lura shi ne, masu murya ba su cika shan suka kamar masu fuska ba.

Suka kuwa ta fara tun da wuri. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 an dakatar da harkar fim, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. A 2007 an sake dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni tare da tsaurara dokoki. Su ma masu sana'ar suna da ƙungiyarsu, MOPPAN, mai ƙa'idojin da suka haɗa da hana mace da namiji taɓa juna a cikin fim.

Tashin Rahama Sadau

An haifi Rahama Ibrahim Sadau a Kaduna ranar 7 ga Disamba, 1993, a can kuma ta tashi ta yi karatunta na farko. Tun tana ƙarama take shiga gasar rawa, kallon fina-finan Indiya kuma ya sa ta iya harshen Hindi. Ta shiga Kannywood a 2013 ta hannun Ali Nuhu, inda fim ɗin Gani Ga Wane ya fito da ita, Jinin Jikina ya ƙara ɗaga ta. A 2014 da 2015 ta karɓi kambun gwarzuwar 'yar wasan Kannywood na mujallar City People ta Legas. Iya rawa, da sakin jiki a gaban kyamara, da jin Turanci, su ne suka bambanta ta da yawancin tsararrakinta, su ne kuma suka buɗe mata ƙofar fina-finan Kudu. A 2016 ta fito a shirin Sons of the Caliphate na tashar EbonyLife.

A farkon Oktoba na 2016 ne MOPPAN ta ba da sanarwar korar ta daga masana'antar. Dalili shi ne fitowar da ta yi a bidiyon waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ, inda aka ga sun riƙe hannu sun kuma rungumi juna. A lokacin ba ta cika shekara 23 ba. Labarin ya bazu har kafofin yaɗa labarai na Ingila da Amurka, mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce ta san doka ta taka, kuma duk wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wasu suka ce hukuncin ya yi tsauri, suka kuma yi tambaya ko da namiji ne ya yi haka za a raba shi da sana'arsa. Ita dai ta nemi gafarar waɗanda abin ya ɓata wa rai, a 2017 ta rubuta takardar neman afuwa, a farkon 2018 kuma aka bayyana cewa an yafe mata.

Korar ba ta durƙusar da ita ba. Ta kafa kamfaninta, Sadau Pictures, ta shirya fim ɗin Rariya a 2017. Ta fito a shirin MTV Shuga, sannan a Up North na 2018, wanda aka ɗauka a Bauchi. Ta kuma yi karatun digiri a Jami'ar Eastern Mediterranean da ke arewacin tsibirin Saifurus. A Nuwamban 2020 wata ƙura ta sake tashi a kan hotunan da ta sanya a shafukan sada zumunta, bayan wani ya rubuta kalaman ɓatanci ga addini a ƙarƙashinsu. Ta cire hotunan, ta nesanta kanta da kalaman, ta kuma ba da haƙuri cikin kuka. A 2022 ta fito a fim ɗin Indiya mai suna Khuda Haafiz kashi na 2, wato yarinyar da ta koyi Hindi daga kallo ta kai ga tsayawa a gaban kyamarar masu harshen.

Abin da Ya Raba Zamunan Biyu

Idan aka auna kalmomi kawai, abin da Barmani ta faɗa a wasu waƙoƙinta ya fi duk abin da aka ji daga bakin Rahama nauyi. Me ya sa ɗaya ta tsufa cikin girmamawa, ɗaya kuwa ta gamu da kora tun tana ƙuruciya? Dalilai uku ne suka fi fitowa fili.

Na farko shi ne wuri. Amada wasan cikin gida ne, mata ke yi wa mata, kuma al'ada ta daɗe da ba su wannan dama a ranar biki. Ko da kaset ya fitar da muryar waje, kowa ya san daga inda ta fito. Fim kuwa na kowa ne, yaro da babba, kuma ido yake fara kamawa kafin kunne.

Na biyu shi ne matsayi. Barmani matar aure ce mai 'ya'ya, da yardar mijinta take fita. 'Yar fim kuwa galibi budurwa ce ko bazawara, kuma abin da aka saba gani a Kannywood shi ne idan ta yi aure ta bar fitowa, tamkar dai yadda yarinya ke barin dandali. Al'ummar da ta saba ganin wasan budurwa a gaban iyayenta sai ga shi tana ganin sa a kasuwa.

Na uku shi ne asalin salon da kuma mai hukunci. Ƙwarya tamu ce, ba wanda zai ce an aro ta, alhali rawar mace da namiji a fili baƙuwa ce daga Indiya. A da, idan mawaƙiya ta wuce gona da iri, dangi da dattawan unguwa ke ja mata kunne a asirce. A zamanin Rahama akwai hukuma da ƙungiya masu rubutacciyar doka, ga kuma dubban masu wayar hannu da ke yanke hukunci kafin gari ya waye.

Duk da wannan bambanci, akwai inda suka haɗu. Kiran da Barmani ta yi ta yi wa mata shi ne su nemi na kansu. Rahama, wadda ta tashi daga 'yar wasan da ake ɗauka aiki ta koma mai kamfanin da ke ɗaukar wasu, ta aikata wannan kira ta hanyar da zamaninta ya ba ta.

Kammalawa

Muhawara a kan iyakar da ta dace da 'ya mace a fagen wasa ba ta ƙare ba, kuma iyaye da malamai suna da haƙƙin faɗin albarkacin bakinsu a kai. Abin da tarihi ya nuna shi ne, waƙa da kwaikwayo ba baƙin abubuwa ba ne ga 'ya'yanmu mata, tun daga gaɗa da tashe suke tafe da su.

Tushen ne yake cikin haɗari a yau. Wayar hannu ta janye yara daga dandali, matsalar 'yan bindiga kuma, wadda ta kai ga sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, ta hana wasan dare a ƙauyuka da dama na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ta kuma tarwatsa wasu. Fina-finan Rahama suna nan a ajiye a intanet, na Barmani ma an samu ɗaukar wani abu. Amma tsofaffin da suka yi mata amshi, da zabiyoyin ƙauye da ba su taɓa shiga sutudiyo ba, suna ta ƙarewa da abin da ke kansu. Ya kamata ɗalibai da malaman Hausa na wannan yanki su je su same su, su ɗauki muryoyinsu, su rubuta sunayensu da na garuruwansu tun suna raye.