Ramin da wuƙa ta bari a fatar layya

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka fara miƙa mini wuƙa ranar Babbar Sallah, a gidanmu da ke Abala. Kawuna mahauci ne. Ya rataye ragon, ya tsaga ƙafafu, ya ce in ƙarasa fiɗa. Na ƙarasa kuwa, ina ta zumuɗi. Da ya ɗaga fatar saitin rana, sai ga haske yana ɓullowa ta wuri uku. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, naman nan jibi ya ƙare, amma wannan rami sai ya kai Kano."

Na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin barkwanci. Sai da na zama malamin makaranta, na fara bin tarihin sana'ar fata, sannan na ga cewa abin da ya faɗa mini shi ne abin da hukumomi suka shafe shekaru suna ƙoƙarin koya wa mutane da kuɗi da doka.

Fatar ƙasar Hausa ta daɗe da suna. Ayari ne ke ɗaukar jemammiyar fatar awaki daga Kano da Sakkwato, ya ratsa Sahara, ta fita ta tashoshin Arewacin Afirka, shi ya sa Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafai bango da ita. Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya ga yadda takalma da fatu ke fita daga birnin. A lokacin mahauci da majemi da baduku duk sun san juna. In fata ta zo da tabo, majemi ya san ƙofar da zai buga. Gyara ba ya nisa da ɓarna.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai hanya ta juya kudu. Ɗanyar fata da ƙirgi suka fara tafiya Ikko, daga nan sai masana'antun Turai. Nan matsalar ta fito fili. Fatar da aka shimfiɗa a ƙasa cikin rana, bayanta ne ke bushewa ƙandas, cikinta kuwa da sauran danshi, yana ruɓewa a ɓoye. Dillali ba zai gani ba, ɗan kasuwa ba zai gani ba. Sai bayan watanni, an jiƙa ta a wata majema a Ingila ko Faransa, ta kama zubewa. Haka kuma kaifin wuƙa da bai huda ba, ya dai rage kauri: ba ya bayyana sai an jeme. Wanda ya yi ɓarnar ya riga ya karɓi kuɗinsa ya manta, wanda ya yi asarar bai ma san sunan garinsu ba.

Tun da ba a iya gyara fata bayan ta lalace, dole aka koma farko. Ma'aikatan dabbobi na mulkin mallaka, a ɓangaren Ingilishi da na Faransi, suka sa malaman fata a kasuwanni da mayanka. Abin da ake koyarwa ba shi da yawa. A yi fiɗa da wuƙa mai lanƙwasasshen baki, ba mai tsini ba. Akuya da rago a sa dunƙulen hannu a raba fata da nama. A wanke jini da kitse nan take, a ɗaure fatar a jikin katako ko igiya cikin inuwa, iska na bugun ta ciki da baya. Makiyayi kuma a roƙe shi kada ya yi wa saniya lalas a tsakiyar jiki, inda ƙirgi ya fi daraja. A ƙasar Maraɗi har an wuce nan, aka riƙa dandaƙe bunsuran da ba ja ba don jar akuya ta tsaya a jininta, kuma a 1963 aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi. A Samaru ta Zariya, a 1964, aka kafa shirin horo kan fatu da ƙiraga da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda shi ne tushen cibiyar nazarin fata da ke can yanzu.

Ba na yi wa Turawan mulki kallon masu tausayin mahauta. Masana'antunsu suke karewa, kuma sau da yawa tara da sanda ne malamin. Amma ilimin kansa gaskiya ne.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a wajen waɗannan shekarun manyan masana'antun duniya ma wannan darasi suke koyo. A 1949 sojojin Amurka suka fitar da wata ƙa'ida wadda daga baya aka san ta da FMEA. Masu kera kumbon Apollo sun yi aiki da ita, kamfanin Ford ya ɗauke ta a shekarun 1970, kuma a 1994 Ford da Chrysler da General Motors suka haɗu suka fitar da littafin tsara inganci tun kafin a fara ƙira, wanda masu sayar musu da kaya ke zuwa kwas a kansa har yau. Yadda ake yi: kafin a taɓa ƙarfe, ma'aikata su zauna su jera matakan aikin, kowane mataki a tambaya me zai iya lalacewa a nan, in ya lalace yaya munin abin, sau nawa yakan faru, kuma za a iya gane shi kafin kaya su bar gida? A ba kowace amsa maki daga 1 zuwa 10. Aibin da ya fi ba su tsoro shi ne wanda ba ya ganuwa sai a hannun mai saye. Da na karanta wannan sai na tuna fatar da aka shanya a ƙasa.

To me ya sa a can abin ya zauna, a nan ya yi ta zamewa? A ganina ba taurin kai ba ne. Kamfanin mota in ka kawo masa kaya masu aibi zai daina saye a wurinka, in ka gyara kuma ka ci riba. A kasuwannin Kurfai da na taso ina gani, daga Abala har Filinge, mai sayen fata yakan ƙirga ne, guda kaza kuɗi kaza, mai rami da marar rami. Mahaucin da ya ɓata lokaci yana sa hannu, bai samu ko dala a kan wanda ya yi ta yankan gaggawa ba. Ga ƙirgi kuma ya sami wata kasuwar, ta masu cin ganda, wadda ba ruwanta da tabo. Rumfar shanya ta rushe, ba wanda ya ga dalilin tada ta.

Bara, ana saura kwana kaɗan Sallah, na ɗauki darasi guda na ajiye littafi. Na sa yara suka jera a allo duk abin da ke faruwa da fatar rago daga yanka zuwa hannun mai saye, kowane mataki su faɗi abin da zai iya ɓaci. Sun kawo abubuwan da ban yi tunani ba. Wata yarinya ta ce a gidansu matsalar ba wuƙa ba ce, karnuka ne da dare, don ba wanda aka ɗora wa alhakin fatar, kowa na wajen suya. Muka rubuta kusa da kowane aibi sunan wanda zai tsare shi a gida: yaya, ƙane, baba.

Bayan hutu wani yaro ya zo ya ce mini shi da babansa sun yi fiɗa da hannu, sun shanya a inuwa, ya ɗaga fatar saitin rana bai ga haske ko ɗaya ba. Na tambaye shi nawa aka saya. Ya ce daidai da ta maƙwabcinsu, wadda kare ya ci wa gefe. Sai ya tambaye ni ko akwai inda ake biyan bambancin, na ce ya ba ni mako guda in tambayi majema.