Tarihin Kayan Miya a Nguru da Gashuwa

Kayan miyar da ake girki da su a Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, sun samo fasalinsu ne daga gajeriyar damina da kuma ambaliyar kogunan Haɗeja da Jama'are, waɗanda ke haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe. Ruwan sama ba ya wuce wata uku zuwa huɗu a yankin, saboda haka tun kaka da kakanni tukunyar Mangawa da Badawa da Barebari da Hausawa da Fulanin wurin ta dogara ne da abin da za a iya shanyawa a adana: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, yakuwa da bandar kifi.

Gero ne mafi tsufa a cikin abincin. An fara noma shi a yankin Sahel fiye da shekara 4,000 da suka wuce, kuma daga cikin tsofaffin ɓurɓushinsa akwai waɗanda aka tono a kwarin Tilemsi na arewacin Mali. Dawa da wake da kuɓewa su ma 'yan asalin Afirka ne. Da gero ake yin burabusko da fura da kunu, yayin da shinkafa ke fitowa daga fadamu bayan ruwa ya malala. A shekarun yunwa kuwa mutane kan koma ga tafasa da 'ya'yan bado da aduwa da goruba.

Abin da ya fito da sunan yankin a kasuwannin da shi ne gishiri da kanwa. Ƙasar Manga, wadda ta miƙa daga wajen Nguru zuwa Muniyo da Maine-Soroa a Jamhuriyar Nijar ta yau, cike take da kwaruruka masu ƙasa mai gishiri. A zamanin da, da rani ma'aikata kan kankare ƙasar, su zuba ta a matatar da aka saƙa da ciyawa, su kwarara ruwa, sannan su dafa abin da ya tsiyaye a ƙananan tukwanen yumɓu har ya daskare. Daga nan ne gishirin mangul da na manda ke fitowa, fatake su ɗora wa jakuna da takarkarai zuwa Kano da gaba da ita. Galadiman Borno, wanda Nguru ta zama mazauninsa tun ƙarni na 17, shi ne ya riƙa tsaron wannan ɓangare na yammacin daular. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a kan cinikin a 1986.

A madafa kanwa ta fi gishirin aiki. Ita ke nunar da wake da wuri, abin da ke da muhimmanci a wurin da itacen girki ke da tsada. Ita ke kashe tsamin yakuwa, ta sa kuɓewa da karkashi su yi yauƙi. Uwargida kan jiƙa ɗan gutsure a kwano, ta tsiyaye ruwan a miya, ta bar tsakuwar a ƙasa. Maijego kuma ba ta rabuwa da kunun kanwa.

Ɗorawa ba ta da yawa a wannan busasshiyar ƙasa, don haka ana sayo daddawar kalwa daga kudu, a gida kuma a yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Warinta ya fi na kalwa ƙarfi, kuma wanda bai taso da ita ba yakan sha wuya kafin ya saba.

Jar miyar da ake gani a yau baƙuwa ce. Tumatir da tattasai da attaruhu da barkono, har da gyaɗa da masara da rogo, duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan ƙarni na 15. Zogale daga Indiya yake. Isowar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru a 1930 ta mai da garin matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da bandar nama, jirgin kuma ya riƙa dawowa da manja da goro da gishirin Turawa, wanda a hankali ya karya kasuwar mangul. Gashuwa ma ta bunƙasa bayan da fadar Mai Bade ta taso daga Gogaram ta koma can a 1946.

Madatsun ruwa na Tiga (1974) da Challawa (1992), haɗe da farin shekarun 1970 da 1980, sun rage ambaliyar da kifi da shinkafa suka dogara da ita, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Ƙananan injinan ban ruwa da suka yaɗu tun shekarun 1980 sun faɗaɗa noman rani, inda ake shanya tattasai da tumatir a bakin Komadugu, daga Gashuwa har zuwa Diffa. Dunƙulen Maggi ya shiga kusan kowace tukunya, amma gidaje da yawa suna haɗa shi ne da daddawa da bandar tarwaɗa a miya ɗaya.