Ranar da Ake Ajiye Gula

Kiɗan fada muka gada a gidanmu na Gabi. Kafin kakana ya danƙa mini gula, sai da ya koya mini ranar da ake ajiye ta. "Ɗan nan," in ji shi, "in sarki ya kau, ka kife ganga. Bakinka ma ka rufe, har sai an naɗa wani."

Wannan ladabi tsohon kaya ne, daga Birnin Katsina kakanninmu suka ɗauko shi bayan jihadi ya ci garin wajen 1807, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi. Tsofaffin makaɗa kan ba da labarin zamanin da ya riga wannan, da murya ƙasa-ƙasa: lokacin da akwai mai sarautar Karyagiwa, wanda ba ya barin sarki ya daɗe yana jinya, kuma a fatar baƙin sa ake naɗe gawa. Tuddan Durɓi ta Kusheyi na nan har yau, kaburburan manyan wancan zamani.

Musulunci ya share duk wannan, kuma ni ban ga asara a ciki ba. Sarki da talaka likkafani ɗaya, sallah ɗaya. Sai zaman makoki a ƙofar fada, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Mu da muka saba shiga gaban sarki da kirari, ranar a bayan malamai muke zama, muna amsa amin.

Iyakar Nijar da Najeriya kuwa ba ta taɓa tare gaisuwar mutuwa ba. Da Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya rasu a watan Maris na 2008, mahaifina ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya, babu ganga a kafaɗarsa, ya yi ta'aziyya ya dawo. Rasuwar Sarkin Kano Ado Bayero, ranar Juma'a 6 ga Yuni 2014, a rediyo muka ji ta, muka yi jugum kamar a unguwarmu aka yi.

Yanzu waya ke kai labari kafin fada ta sanar, har da hoton makara, abin da ke sosa mini rai. Duk da haka, in an share makoki, tsofaffinmu kan gangara Madarunfa, wurin kaburburan waliyyai 99 da ke gewaye da tafki, su roƙa wa marigayi gafara kafin mu sake ɗaure fatar ganga.