Launin Tsabar Masara da Dawa: Tarihin Gano Danniyar Gado

A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, hatsi da dawa ne ke cika rumbu. Masara kuwa sai a fadamun gulbi da 'yan gonakin bayan gida. Duk da haka ita ce ke fito da abin da sauran amfanin gona ke ɓoyewa: a ɓare goyo ɗaya a tarar da farar tsaba da rawaya, wani lokaci har da ja, jere a totuwa guda. Dalili shi ne kowace tsaba da nata uban. Iska ce ke kwaso garin fure daga gonar maƙwabci ta zuba a gemun masarar, kuma launin uban kan bayyana a wannan damina. Shi ya sa masana gado suka riƙe masara sama da shekara 100, domin goyo ɗaya 'ya'ya ne ɗaruruwa da za a ƙirga a zaune.

Gregor Mendel ya buga bincikensa kan wani nau'in wake a 1866, inda ya nuna cewa hali mai rinjaye kan fito a uku cikin kowane jika huɗu. Aka manta da aikin har 1900, lokacin da masana uku suka farfaɗo da shi, ciki har da Bajamushe Carl Correns, wanda a kan masara ma yake gwaji. Ba a daɗe ba lissafin ya fara ƙin fita. A Ingila, William Bateson da Reginald Punnett sun haɗa irin fure biyu, dukansu farare, sai 'ya'yan suka fito shunayya, jikokin kuma tara masu launi, bakwai farare cikin kowane 16. Bateson ya kira irin wannan lamari efistasis: ƙwayar gado ɗaya ta danne aikin wata da ke wani gurbi daban.

A masara aka warware zancen dalla-dalla. Tsabar tana da hawa uku: ɓawon waje, wanda jikin uwa ne zalla, wani siririn shimfiɗi a ƙarƙashinsa inda ja da shunayya ke taruwa, sai garin ciki, fari ko rawaya. Edward East da Herbert Hayes sun buga nazarinsu a Amurka a 1911, sannan Rollins Emerson na jami'ar Cornell ya nuna a 1918 cewa siririn shimfiɗin nan ba ya yin launi sai ƙwayoyin gado uku, A da C da R, duk suna aiki. Kamar marina ne: ko an tara baba tsibi, in babu toka zane ba zai kama shuni ba. Idan biyu ne ke rarrabuwa a jikoki, a samu 9 da 7. Idan ukun ne, 27 masu launi da 37 marasa launi cikin 64. Wata ƙwayar, Pr, ita ke zaɓar shunayya ko ja, amma in C ba ta aiki babu abin da za ta zaɓa, sai lissafi ya koma 9, 3, 4. Abin ban sha'awa a nan shi ne farar tsaba na iya ɗauke da gadon ja zuriya bayan zuriya ba wanda ya sani.

Tsaba mai ɗigo-ɗigo ita ce ta fi wahalar da masana. Barbara McClintock, wadda ta taso a rukunin Emerson, ta gano a shekarun 1940 cewa wasu ƙwayoyin gado na tashi daga gurbinsu su faɗa cikin C su kashe aikinta, in sun fice launi ya dawo a wannan ɗigon kaɗai. Ta gabatar da wannan a 1951, aka karɓe shi da sanyin jiki, sai a 1983 aka ba ta kyautar Nobel. A ƙarshen shekarun 1980 aka tabbatar C da R ba su ke haɗa launin ba, su ne ke tada sauran ƙwayoyin su yi aikin.

Ga manomin Maraɗi, dawa ce ta fi kusa, kuma dokar ɗaya ce. Ɓawon dawa na hannun ƙwayoyi biyu, R da Y: in sun haɗu a samu jar dawa, in Y ce kaɗai a samu ruwan lemon tsami, in babu Y kuwa fara ce ko da R na nan. Ƙarƙashin ɓawon akwai wani shimfiɗi mai bauri, wanda ba ya samuwa sai B1 da B2 sun haɗu. Baurin nan na rage ɓarnar tsuntsu, musamman jan baki, amma yana rage amfanin da jiki ke samu daga tuwon. An gano ainihin ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan biyu a 2012, ɗayar a 2019, kuma binciken na biyu ya nuna dawa mai bauri ta fi yawa a sassan Afirka da tsuntsu ya fi addaba. Rawayar kaura kuwa a garin ciki take, kuma ita ta sa masani O. J. Webster ya kai irinta Amurka daga Arewacin Najeriya a farkon shekarun 1950.

Masu gyaran iri a cibiyar INRAN ta Tarna kusa da Maraɗi da ta IAR a Samarun Zariya da wannan lissafin suke aiki. Farar dawa mai B1 kaɗai in ta gamu da wata farar mai B2 kaɗai, zuriyarsu na fitowa da baurin da babu shi a iyaye. Kuma da yake ɓawo da shimfiɗin nan jikin uwa ne, gaurayar ba ta nunawa a zangarniyar bana, sai an shuka irin baɗi. Saboda haka ne ake nisanta gonar ninka iri daga sauran gonaki, a kuma tuge duk karan da ya bambanta tun kafin ya yi fure.