Daga Gangar Noma Zuwa Lasifika: Tarihin Dandali a Agye, Gazawa da Gidan Runji

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Duk mai son jin kukan gidan mutanen jahar Maraɗi, sai ya nufi dandali, wato filin nan na tsakiyar gari ko na bakin gari inda jama'a ke haɗuwa a sarari domin kiɗa da rawa da kokawa da sauran wasanni. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun dandali a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Runji, domin mu ga wanda ke riƙe da akalarsa a kowane zamani, da wanda ke ciyar da makaɗansa, da kuma halin da ya shiga a yau. Amsar waɗannan tambayoyi ta shafi malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu kai tsaye, domin a hannunsu ragowar wannan gado yake neman faɗawa.

Ƙasar da mutanenta

Gundumomin nan uku suna jere ne bisa babbar hanyar mota da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram. Gidan Runji na yamma da birnin Maraɗi, a kwarin Gulbin Maraɗi, Agye da Gazawa kuwa suna gabas, kan hanyar Tasawa, kusa da Gulbin Kaba mai yawan goriba. A da Gazawa tana ƙarƙashin Agye ne, sai a shekarar 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya soma a 1804, shi ya sake fasalin wannan yanki. Sarakunan Katsina na Haɓe sun yi ƙaura zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajajen 1819. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wanda Sarkin Gobir Ali ya rasu a cikinsa, sun kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, garin da yake cikin gundumar Gidan Runji a yau. Waɗannan sarakuna sun zo da tambari da kakaki da algaita da makaɗan fada. Sun kuma tarar da Anna, manoma da mafarauta masu nasu bukukuwa da nasu kaɗe-kaɗe. Filani da Buzaye makiyaya su ma sun kawo nasu, irin su sharo. Saboda haka dandalin wannan ƙasa mahaɗa ce ta kiɗan fada da kiɗan gona da kiɗan daji.

Zamanin da gona ke mulkin dandali

Kakanninmu ba su san hutun ƙarshen mako irin na Asabar da Lahadi ba, wannan ya shigo ne tare da makarantar boko da aikin gwamnati a zamanin Faransawa. Abin da ke tsara lokacin taro a wurinsu shi ne ranar kasuwa da ranar Juma'a da hasken farin wata, sannan uwa-uba yanayin shekara.

Da damina, babban taron sarari shi ne gayya. Mai gona zai gayyaci samarin gari, ya tanadi fura da tuwo da goro, su kuma su jeru da hauyoyinsu, mai gangar noma yana biye da su yana kaɗa taken kowane jarumi. Wanda ya ji takensa sai ya zabura ya wuce sa'o'insa, wanda ya yi lalaci kuma makaɗi ya yi masa zambo a gaban jama'a. A nan kiɗa kayan aiki ne tamkar hauya, domin shi ke sa a gama da hantsi gonar da mutum ɗaya zai kwana bakwai a cikinta.

Idan kaka ta yi, aka ɗaure damman gero aka cika rumbuna, sai dandali ya buɗe sosai. Ƙauye ya aika wa ƙauye goron gayyata, ƴan kokawa su zo da layu da guraye da makaɗansu, a kafa da'ira a bisa rairayi. Ƴan mata na gaɗa da tafi, masu kalangu na kaɗa musu, yara na langa a gefe, masu tallan ƙosai da gyaɗa da rake na kewayawa. Mahauta na da hawan ƙaho, ƴan tauri na da wasan wuƙa, ƴan bori na da goge da garaya da ƙwarya. A Tsibiri al'amarin bori da na mata yana hannun Inna, a Maraɗi kuma yana hannun Iya, dukansu kuwa sarautu ne na gidan sarki. Da rani ya shiga sai mafarauta su yi buɗin daji, kafin a koma sharar gona.

Duk wannan bai tafiya kara-zube. Kowane gari na da sarkin samari da fadawansa, ƴan mata ma na da shugabarsu. Su ke kiran makaɗi, su tara abin sallamarsa, su saukar da baƙi, su raba faɗa, su ci tarar wanda ya yi rashin kunya. A nan yaro ke koyon shugabanci da biyayya da riƙon amanar kuɗin jama'a tun bai yi gemu ba.

Akwai bukukuwa biyu da suka fi nuna ma'anar taron sarari a wannan ƙasa, waɗanda Bafaranshen nan mai binciken al'adu, Guy Nicolas, ya yi bayaninsu a littattafansa na 1975 da 1986 kan kwarin Maraɗi. Na farko shi ne dubu: manomin da ya noma dami dubu na hatsi yakan tara jama'a da makaɗa da maroƙa, ya yi ta rabo da ciyarwa, daga nan ya cancanci a kira shi sarkin noma. Na biyu shi ne kan ƙwarya, inda macen da ta tara dukiya da sana'arta ke yin irin wannan rabo, ta sami laƙabin tambara. Hikimar da ke ciki a fili take. Dukiyar da ta taru a hannun mutum ɗaya tana komawa ga jama'a, shi kuma a biya shi da suna, makaɗi kuwa shi ne mai ajiyar wannan suna har jikoki.

Zamanin gyaɗa ya ƙara wa dandali armashi. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970, jahar Maraɗi na cikin manyan wuraren noman gyaɗa a Nijar, kuma a 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin cinikinta. Kuɗi sun shiga hannun samari, liƙi ya yawaita, makaɗa na ƙetaro iyaka daga Katsina da Sakkwato suna bin kasuwannin kaka. Amma farin 1973 zuwa 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sun karya wannan arziki. Rumbun da babu hatsi ba ya kiran makaɗi.

Zamanin da gwamnati ta karɓi ganga

A ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Jori Hamani. Da yake sun haramta jam'iyyun siyasa, sai suka nemi wata hanyar isa ga talakawa, suka same ta a cikin tsohuwar samariya. Aka farfaɗo da ita, aka tsara ta daga unguwa da ƙauye har zuwa matakin ƙasa. Samariya ta gina azuzuwa, ta share tituna, ta noma gonakin haɗin gwiwa, ta shuka itatuwa, musamman ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai da aka mayar ranar dashen itace. Wannan rana ta zama sabon taron damina, mai haɗa aikin gayya da kiɗa da jawabin hukuma.

A cikin wannan zamani ne aka ƙirƙiro manyan gasanni biyu. Na farko ita ce gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, kuma ɗan jahar Maraɗi, Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, shi ya fara lashe ta. Da sunansa ake kiran filin kokawa na birnin Maraɗi. Na biyu shi ne bikin matasa na ƙasa, mai zagayawa daga babban birnin jaha zuwa wani, inda ake takara a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Kafin a kai can, sai an yi tankaɗe da rairaya tun daga ƙauye, don haka yarinyar da ke gaɗa a wani ƙauyen Gangara ko na Cadakori tana iya tsintar muryarta a gidan rediyon ƙasa. Janet Beik ta rubuta littafi a 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a wannan lokaci.

Adalci shi ne a faɗi riba a faɗi hasara. Ribar ita ce an ɗaga darajar wasannin karkara, an ɗauki waƙoƙi da yawa a faifai, ƴan Nijar kuma sun san al'adun juna. Hasarar kuwa ita ce an ciro wasa daga lokacinsa da dalilinsa. Rawar da ake yi har asuba a farin wata an taƙaita ta zuwa ƴan mintoci a gaban alƙalai, waƙar da ke yabon manomi ko zambon rago ta koma isar da saƙon hukuma kan haɗin kan ƙasa da yaƙi da hamada. Mafi muni, jama'a sun saba da jiran gwamnati ta kira taro ta kuma ɗauki nauyinsa. Yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutanen yankin ke kira El Buhari, ta ƙara raunana ƙarfin ƙauye na ciyar da baƙi da makaɗa.

Bayan samariya

Kunce ya rasu a 1987. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, aka yi babban taron ƙasa na 1991, sai aka ɗauki samariya a matsayin ƴar koren mulkin soja da na jam'iyya ɗaya, ta watse. Kokawa ta tsira domin tana da ƴan kallo da masu zuba kuɗi, har gobe kuwa gasar takobi na tsayar da ƙasa cik. Sauran wasannin suka zama marayu. Samari suka koma fada, wato majalisar shan shayi da sauraren kaset. Makaɗa da yawa suka koma bin ƴan siyasa lokacin yaƙin neman zaɓe.

Wa'azi ma ya yi tasiri. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta sami karɓuwa a Maraɗi tun shekarun 1980, malamai kuma suka yi ta suka ga bori da cakuɗuwar maza da mata da almubazzaranci wajen biki. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta kai har Maraɗi, inda aka afka wa gidan Iya. Wajibi ne mai nazari ya fahimci cewa iyaye da yawa sun janye ƴaƴansu mata daga dandali bisa imani da kishin tarbiyya, kuma duk mai son raya wasa a yau sai ya zauna da su da malamansu an fahimci juna.

Sannan ga na'ura. Mai biki ya gane cewa hayar lasifika da janareto ta fi sauƙi bisa ciyar da makaɗa biyar da ƴan amshinsu, waƙoƙin finafinan Kano kuma suka cika wayoyin hannu. Daga ƙarshe ga rashin tsaro: tun 2019 dubun-dubatar ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo gundumar Gidan Runji saboda ƴan bindiga, har aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Garin da ke kwana da ido ɗaya ba ya wasan farin wata.

Kammalawa

Abin da ke cikin haɗari ya wuce nishaɗi. Kowane take da kowane kirari ɗauke yake da sunan wani manomi ko ɗan kokawa ko tambara, da sunan garinsu da zuriyarsu. Tarihin talakawa ke nan, wanda ba a rubuta shi a kundin fada ko na Nasara ba. Ranar da tsohon makaɗi ya kwanta dama ba tare da magaji ba, wannan tarihi ya bi shi kushewa.

Sa'ar da aka yi ita ce babban hutun makaranta yana faɗowa ne da damina, lokacin da ɗalibai ke komawa garuruwansu, ana kuma shirya musu gasar ƙwallon ƙafa. Babu abin da zai hana ƙungiyoyi su haɗa da gayya a gonar wani dattijo ko gonar makaranta ranar Asabar, a kira mai gangar noma a sallame shi da mutunci, ranar Lahadi da la'asar kuma a yi kokawar yara da langa da gaɗa, a tashi kafin magariba. Malami na iya aika ɗalibansa su ɗauki muryar makaɗan garinsu da waya, su rubuta take da kirari da Hausa, su tambayi mai shi da dalilin yin sa, a ajiye kwafi a makaranta da gidan rediyon karkara. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, saboda haka irin wannan aiki yana da gurbi a cikin aji.

Tarihin da muka bi ya nuna cewa dandali ya fi ƙarfi a lokacin da mutanen gari ke kiran makaɗinsu da kansu, su ciyar da shi daga rumbunsu. Tun da sauran tsofaffin da suka san taken kowane gida suna raye, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.