Tasirin Motsa Jiki a kan Siraran Jijiyoyin Jinin Tsoka ga Masu Cutar Toshewar Huhu Mai Daɗewa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar binciken da aka gudanar daga 1991 zuwa 2019 kan yadda atisaye yake shafar siraran jijiyoyin jini a tsokar cinyar masu cutar toshewar huhu mai daɗewa, wadda likitoci ke kira COPD. An gano cewa jijiyoyin suna ƙaruwa bayan atisaye, amma ƙaruwar ba ta kai ta masu lafiya ba. Maƙalar tana ganin tsarin atisayen, ba yawansa kaɗai ba, shi ne abin da ya kamata a gyara.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa COPD ta yi ajalin mutum miliyan 3.23 a 2019. Taba ce sanannen musabbabinta, amma a ƙasashenmu hayaƙin itacen girki da tabon da tarin fuka yake bari a huhu suna da nasu kaso. Abin mamaki shi ne, idan aka ɗora majiyyaci a kan keken gwaji, sau da yawa ba numfashi ne yake fara tsayar da shi ba. Killian da abokan aikinsa na Jami'ar McMaster a Kanada sun nuna a 1992 cewa da yawa daga cikin majiyyata gajiyar ƙafa ce take sa su dakata.

2.0 Halin da Tsoka Take Ciki

Tsokar gaban cinya ita aka fi nazarta, domin ana iya tsakuro ɗan yankinta da allura a duba. A jikin majiyyata, zaren tsoka nau'i na ɗaya, mai juriya, mai dogaro da oksijin, yana raguwa, nau'i na biyu mai saurin gajiya ya rinjaya. Jobin da abokansa na Kwebek sun ruwaito a 1998 cewa adadin siraran jijiyoyin da ke kewaye da kowane zare ya gaza na masu lafiya.

Akwai taƙaddama a nan wadda bai kamata a tsallake ta ba. Zaren tsokar majiyyaci yana ƙanƙancewa, don haka idan aka auna jijiyoyin gwargwadon faɗin zaren, wani lokaci bambancin yakan dushe. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa jijiyoyin lafiya lau suke. A ganinmu hujjar ba ta gamsar ba. Zaren da ya tsuke tare da jijiyoyinsa asara biyu ya yi, kuma idan ana son ya sake kauri dole jijiyoyin su yi girma tare da shi, in ba haka ba nisan da oksijin zai yi kafin ya isa tsakiyar zaren ya ƙaru. Tun August Krogh na Danmak, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1920 kan aikin waɗannan jijiyoyi, aka san muhimmancin wannan nisa.

3.0 Abin da Atisaye Yake Yi

Casaburi da abokansa sun nuna a 1991 cewa makonni 8 na atisaye mai tsanani sun rage sinadarin laktik a jini, numfashin da aiki yake buƙata shi ma ya ragu. Maltais ya biyo baya a 1996 da shaidar cewa sinadaran da ke sarrafa oksijin a tsoka sun ƙaru bayan makonni 12. Huhun bai warke ba, tsokar ce ta sauƙaƙa masa kaya.

Batun jijiyoyi ya fi wannan sarƙaƙiya. Sababbin jijiyoyi suna tsirowa ne idan furotin VEGF mai ingiza tsirowa ya rinjayi masu hana ta, irin su TSP-1. Gudun jini a jikin bangon jijiya da ƙarancin oksijin a cikin zare lokacin aiki su ke tayar da wannan rinjaye. Gouzi da abokansa na Monfeliye a Faransa sun wallafa a 2013 sakamakon atisayen makonni 6 da aka yi wa majiyyata da kuma masu lafiya marasa motsa jiki. Jijiyoyi sun ƙaru a rukunin biyu, sai dai ƙaruwar majiyyata ta yi ƙasa. Blervaque da abokansa, su ma na Monfeliye, sun ƙara bayani a 2019: ƙwayoyin perisait, waɗanda suke rungumar sabuwar jijiya su ƙarfafa bangonta, ba sa manne mata yadda ya kamata a tsokar majiyyata. Jijiyar da ba ta samu wannan tallafi ba tana da wuyar ɗorewa.

Muna ganin dalilai biyu suna aiki tare. Akwai lahanin da hayaƙi, kumburi da ƙarancin oksijin suka yi wa bangon jijiyoyin. Akwai kuma shingen numfashi: majiyyaci yakan yi haki kafin tsokarsa ta samu nauyin da zai tilasta mata sauyawa.

4.0 Tsarin Atisaye

Dalili na biyu ana iya kewaye shi. Vogiatzis a Girka ya gwada atisayen tsaka-tsaki da hutu, daƙiƙa 30 na aiki mai ƙarfi da daƙiƙa 30 na hutu, majiyyata suka jure da ƙarancin haki. Dolmage da Goldstein a Toronto sun nuna a 2008 cewa tuƙa keke da ƙafa ɗaya a lokaci guda ya fi ƙafa biyu ƙara ƙarfin amfani da oksijin, domin ƙaramar tsoka ce take aiki, ana iya ɗora mata nauyi ba tare da numfashi ya gaza ba.

Babu ɗayan waɗannan da yake buƙatar na'ura mai tsada. Muna kira ga sassan gashin ƙashi na asibitocin koyarwa da su fara shirin atisaye na aƙalla makonni 8 ga masu wannan cuta, su riƙa auna ƙarfin cinya da tafiyar minti 6 tare da ƙarfin numfashi, su kuma sanya mata masu girki da itace a cikin waɗanda za a nazarta.