Zumuntar Shinkafar Kabi da ta Asiya

Tun kafin shinkafar Asiya ta iso, manoman fadamun Kabi suna da tasu, wadda aka fara nomawa a bakin Kwara kimanin shekara 3000 da suka shige. To, ina zumuntarsu? A 1970 Walter Fitch ya kafa ƙa'ida: ƙwayoyin gado biyu takwarori ne in rabuwar jinsi ce ta raba su. Daga 1990 kwamfuta ta sauƙaƙa neman su da BLAST, ana haɗa biyun da suka fi kama da juna. A 2014 aka karanta tsarin gadon ta Afirka, sai ga shi manoman nahiyoyin biyu, ba da sanin juna ba, takwarorin nan suka sauya don hana tsaba zuba kafin girbi.